Yadda na halarci bikin Karnibal na Trinidad da fasfon Najeriya

Tun da na dawo daga Trinidad, tsibirin da ke yankin Caribbean, tambaya biyu ake yi mini: ta wace hanya mai koren fasfo yake isa can, kuma me magidanci ya je nema a bikin da ba a ganin komai a hotunansa sai gashin tsuntsu da tsiraici. Dukkansu suna kan hanya, shi ya sa zan bi abin daki-daki yadda ya gudana, ko wani ya huta da kame-kamen da na yi. Ina koyar da wasan kwaikwayo ne, kuma abin da ya kai ni shi ne bincike kan wasannin titi na jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A Port of Spain, babban birnin ƙasar, na halarci bikin 2024, wanda ya faɗo Litinin da Talata, 12 da 13 ga Fabrairu.

A fara da kalanda, domin wannan kalankuwa ba ta da tsayayyar rana. Kullum Litinin da Talata ce kafin Larabar Toka, ranar da 'yan Katolika ke shiga azuminsu na kwana arba'in, saboda haka tana yawo tsakanin farkon Fabrairu da farkon Maris. Ta 2025 ta zo ranakun 3 da 4 ga Maris, a cikin Ramadan. Duk mai niyya ya ajiye kalandar Hijira kusa da ta Miladiyya kafin ya kashe ko kwabo. Sannan waɗannan kwana biyu wutsiyar biki ce kawai. Mafi yawan abin da ya cancanci a ƙetare teku dominsa a makon da ya gabace su ake yin sa.

Najeriya da Trinidad duk suna cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, shi ya sa wasu ke zaton ba a buƙatar biza. Ana buƙata. Trinidad tana da ofishin jakadanci a Abuja, can na nufa tun cikin Oktoba da fasfo mai sauran wa'adin fiye da wata shida, da hotuna, da wasiƙar gayyata daga wani abokin aiki da ke koyarwa a can, da wasiƙar wurin aikina mai nuna an ba ni hutu kuma zan dawo, da bayanan asusun banki, da shaidar ajiye kujerar jirgi zuwa da dawowa. Ma'aikaciyar da ta karɓa ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Yallaɓai, kada ka biya kuɗin tikiti tukuna. Amincewar daga hukumar shige da fice ta Port of Spain take zuwa, ba daga teburin nan ba." Shawarar ta yi mini rana, don jiran ya ɗauki makonni, kullum ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Kuɗin bizar kansa ba abin tayar da hankali ba ne idan aka gwama shi da sauran ɗawainiya. Ƙa'idojin suna sauyawa, ana kuma mayar da su intanet, don haka a tuntuɓi ofishin kafin a ɗauki hanya. Katin rigakafin cutar shawara kuwa wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya. Wanda bai taɓa yin allurar ba ya yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya, sai sannan katin yake fara aiki.

Hanyar jirgi ta fi bizar cin rai. Babu jirgin da ke tashi daga yankinmu kai tsaye zuwa Trinidad, sai an ratsa Turai ko Amurka, Amurka kuma ba ta yarda ka taka filin jirginta ba tare da bizarta ba ko da wucewa za ka yi. Ta Landan na bi, kuma a nan tarkon yake: jirgin Abuja a Heathrow ya sauke mu, na Port of Spain kuma daga Gatwick yake tashi, tafiyar fiye da awa guda a mota. Sauya filin jirgi shiga ƙasar Ingila ne, saboda haka bizar nan ta wucewa ba tare da fita daga filin jirgi ba ba za ta yi ba. Ni na ci sa'a ina da bizar ziyara da ba ta ƙare ba. Tikitin ne ya cinye fiye da rabin guzurina, ga shi a ƙarshen Janairun shekarar naira ta yi mummunar faɗuwa. Masauki ma sai da na sha fama. Masu gidajen baƙi suna ninka farashi a makon biki, suna kuma sharɗanta mafi ƙarancin kwanakin da za ka biya ko ka kwana ko ba ka kwana ba. Wani gidan da muka gama magana da shi ya aiko mini da sabon farashi ana saura wata guda. Daga ƙarshe abokina ya sama mini ɗaki a gidan wata dattijuwa a unguwar Belmont, inda ake iya takawa da ƙafa zuwa babban filin Queen's Park Savannah. Wannan kusanci ya fi otal mai tauraro biyar amfani, domin ranakun biki ana rufe tituna.

A filin jirgin Piarco jami'i ya nemi tikitin komawa da adireshin masauki da katin rigakafi, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da na ce Karnibal sai ya yi murmushi ya buga hatimi. Abu ɗaya da abokina ya ja mini kunne a kai tun ina gida: kada in sako ko da hula mai zanen kakin soja, doka ta haramta wa farar hula sa shi, yara ma ba a ƙyale su ba. Dalar Amurka ɗaya tana ba da kusan dalar ƙasar bakwai. Motocin haya na halal lambarsu da harafin H take farawa, ƙananan bas-bas kuma ana gane inda suka nufa da launin zanen jikinsu: ja gabas, ruwan ɗorawa yamma, kore kudu. Agogonsu yana bayan namu da awa biyar, abin da ya sa nake farkawa tsakar dare, wanda kuwa ya dace da bikin da rabinsa kafin asuba ake yi.

Daren farko mai gidan, wadda kowa ke kira Tanti, ta ce in bar kwanciya in je in ji ƙarfe. Kowace ƙungiyar makaɗan gangar duro tana da farfajiyarta inda take gwaji kowane dare, kuma shiga kyauta ne. Na je ta Renegades a titin Charlotte, washegari ta Trinidad All Stars a titin Duke. Gangar daga duron man fetur mai cin galan 55 ake ƙera ta: a lotsa gindinsa da guduma ya zama kwano, a rarraba shi gida-gida, kowane gida da muryarsa. Matasan unguwannin talakawa irin su Laventille ne suka ƙago ta a shekarun 1930 da 1940, mutane irin su Winston Simon da Ellie Mannette, a lokacin da ake kallon mai kaɗa ta a matsayin ɗan daba. Yau ita ce kayan kiɗan ƙasa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 11 ga Agusta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yawancin makaɗan ba sa duba takarda. Mai tsara kiɗan zai kaɗa gaɓa guda, a maimaita ta har ta zauna a hannu, sannan a ƙara wata, ana yi har ƙarfe ɗaya na dare, ga 'yar makaranta ga tsoho mai furfura a layi ɗaya.

A farfajiyar All Stars ɗin na warware matsalar da ta fi damuna, wato yadda zan shiga cikin jerin gwanon ba tare da na zubar da mutuncina ba. Manyan ƙungiyoyin da ake tallatawa a intanet tun watan Yuli da Agusta suke baje kolin kayansu, a biya kafin alƙalami, kafin shekara ta ƙare wurare sun cike. Mafi arhar kayan yakan kai ɗaruruwan dalar Amurka masu yawa, na sahun gaba ya haura dubu biyu, kuma gaskiya kayan ba su fi cikin tafin hannu ba. Amma akwai tsohuwar al'adar shigar sojan ruwa, wadda ta samo asali daga kwaikwayon matuƙan jiragen yaƙin Ingila, ta kuma bunƙasa bayan Amurka ta kafa sansani a Chaguaramas a 1941. Farar riga ce da farin wando da hula, jiki a rufe ruf. Na yi rajista a wani tebur a gefen farfajiyar, aka auna ni, na biya abin da bai kai rabin mafi arhar kayan manyan ƙungiyoyin ba, aka ba ni rasit aka ce in dawo da shi da katin shaida ranar Alhamis. Ranar karɓa layin ya yi tsawo, amma da yake kiɗa na tashi a gefe babu wanda ya ƙosa. A gwada kayan a wurin kafin a tafi, don tela ba ya samuwa daga Juma'a.

Daren Laraba muka gangara kudancin tsibirin kallon wasan ƙarshe na karon sanda, wanda suke kira kalinda. Mutum biyu ne a cikin da'ira, kowa da sandar icce mai tauri, ana yi har sai jini ya fito a kan ɗaya. Ganguna na tashi, ga mawaƙi yana zuga su jama'a na amsawa, tamkar yadda makaɗan 'yan dambe ke tsima ɗan wasa kafin ya shiga fage. Masana tarihin kiɗansu suna cewa daga bakin waɗannan mawaƙa ne waƙar kalifso ta tsiro, wadda har yau ake caccakar 'yan siyasa da ita.

Idan abu ɗaya kaɗai mutum zai gani, to ya ga na asubahin Juma'a. Da ƙarfe huɗu na dare ake yin wasan Kambule a titin Piccadilly, gabashin birnin, wanda marubuciya Eintou Pearl Springer ta tsara, kuma kyauta ne, sai dai wanda bai isa tun wajen ƙarfe biyu ba a tsaye zai kalla. A nan ne tarihin bikin yake fitowa fili. A 1783 Sifaniya, mai mulkin tsibirin a lokacin, ta buɗe ƙofa ga 'yan Katolika su zo su karɓi filaye, sai masu gonaki Faransawa suka kwararo daga tsibiran maƙwabta da bayinsu, suka zo da al'adar liyafar rufe fuska kafin azumi. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1797, liyafar ta ci gaba, bayi na leƙe daga waje suna kwaikwayon iyayen gijinsu a bayan gida. Idan gonar rake ta kama wuta, akan tashe su da bulala cikin dare a kora su su sare raken kafin ya lalace. Da aka soke bauta a 1834, aka kuma sake su gaba ɗaya a 1838, sai suka mayar da wannan daren azaba abin tunawa: su fito da sandunan wuta da ganguna da sandunan faɗa su mamaye titi. Masu kuɗi suka janye jiki, jaridu suka yi ta kiran a hana. A 1881 shugaban 'yan sanda Kyaftin Arthur Baker ya fito da mutanensa don ya murƙushe taron, aka yi kare jini biri jini, har sai da Gwamna Sanford Freeling ya tsare 'yan sandan a bariki ya fito ya yi wa jama'a magana da kansa. A 1884 aka kafa dokar hana ganga da wuta da taruwa da sanduna. Da aka raba su da fata sai suka koma buga gora a ƙasa, daga gora suka koma gwangwani, daga gwangwani aka kai ga duron da na ji a farfajiya. Ina tsaye cikin duhu, hayaƙin kananzir na shiga idona, matan wasan suka yi kan 'yan sanda da duwatsu suna waƙa, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wata mata kusa da ni hawaye take yi.

Na yi sallar Juma'a a babban masallacin titin Queen, tafiyar 'yan mintoci daga wurin. Musulmi sun kai kusan kashi biyar cikin ɗari na al'ummar ƙasar, mafi yawansu jikokin Indiyawan da aka fara kawowa aikin rake a 1845. Amma kafin su akwai Musulmin Afirka. Jonas Mohammed Bath ya jagoranci wata jama'ar Mandingo a Port of Spain da ke tara kuɗi suna fansar 'yan'uwansu daga bauta, har suka rubuta wa Sarkin Ingila koke a shekarun 1830 suna neman a mayar da su gida. Farfesa Maureen Warner-Lewis kuma ta tattara bayanai daga bakin jikokin Yarabawa da Hausawa da 'yan Kongo da suka zauna a tsibirin. Wani dattijo a masallacin da ya ji daga inda na fito ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, mu dai gobe za mu kwashe yara mu bar gari sai Laraba." Haka masallatai da coci-coci da dama suke yi, su shirya wa matasa zango a bayan gari. Ba kowane ɗan ƙasar ne ke goyon bayan bikin ba. Abinci kuwa bai ba ni wahala ba, naman halal yana ko'ina, ga wata 'yar waina biyu da ake zuba wa wake da yaji a tsakiya, ana sayarwa a bakin titi da 'yan daloli kaɗan na ƙasar.

Daren Asabar gasar Panorama ce ta makaɗan gangar duro, wadda aka fara a 1963. Ana sayen tikitin zama a rumfunan Savannah, amma Tanti ta ce in bar kuɗina in tsaya a hanyar da ƙungiyoyi ke jeruwa kafin su hau dandamali. Gaskiyarta. A nan kana tsakiyar makaɗa sama da ɗari suna gwajin ƙarshe, ƙarfen na girgiza maka ƙirji, kana iya sa hannu ka taya tura karagun gangunan. Watanni ana shiri don kiɗan da bai kai minti goma ba. A shekarar Renegades da All Stars kunnen doki suka yi a matsayi na ɗaya, gardamar da aka kwana ana yi ke nan. Safiyar Lahadi na bi jerin tsofaffin sifofi har dandalin Adam Smith a Woodbrook: Moko Jumbie masu tafiya a kan dogayen sanduna, Dame Lorraine mai cusa tsumma gaba da baya don shaguɓe ga matan Faransawa, da Midnight Robber mai faffaɗar hula da usur, wanda zai tare ka ya yi ta kirarin kakanninsa da ɓarnar da ya yi har sai ka ba shi sadaka. Yawancinsu dattawa ne, 'yan kallo kuma ba su taka kara sun karya ba, abin da ya ba ni takaici. Da la'asar na nemi talabijin na kalli Kwaddibuwa ta doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, na tafi bikin daren Lahadi da baƙin ciki, inda mawaƙi Machel Montano ya lashe kambun sarkin kalifso.

Da ƙarfe huɗu na asubahin Litinin ake buɗe biki a hukumance da abin da suke kira Juve. Mutane na fitowa cikin duhu suna shafe juna da taɓo da fenti da baƙin mai, kuma mai tsabtar kaya shi ake fara nema. Na jira na yi sallar asuba a masauki, na shafe jikina da man jarirai don fentin ya fita da sauƙi kafin alwalar azahar, na sa tsofaffin kaya, na ƙulle waya a leda, na bi bayan wata ƙungiyar gangar duro maimakon manyan motocin lasifika. An hana kwalba a titi ranakun biki, ruwa sai a roba. Da yamma muka hau motar jif zuwa Paramin, ƙauyen kan dutse inda tsofaffi ke jin karyayyen Faransanci har yau. Nan ne shuɗɗan shaiɗanu ke fitowa, jiki duk shuni, suna ihu, ana kaɗa musu gwangwanin biskit, suna fesa wuta daga baki. A tanadi canjin dala ɗai-ɗai, don ba sa barin mutum sai ya miƙa.

Talata tun da sassafe na sa farin kayana na iske ƙungiya a titin Duke. Dubban mutane ne, da yawa sun haura hamsin, ana tafiya a hankali ana jan ƙafa daidai da kiɗa, ana watsa wa juna hodar jarirai har mutum ya koma fari fat. Jira mafi tsawo a ƙofar dandamalin Savannah yake, sa'o'i cikin rana ana jiran layi, hawan kansa kuma 'yan mintoci ne. Ba zan ɓoye ba, a wannan jiran ne manyan ƙungiyoyi ke wucewa, kuma duk abin da ake faɗa game da tsiraici da giya da rawar manne jiki gaskiya ne. Wanda ba zai iya ba ya tsaya a Litinin, bai yi asarar komai daga tarihin ba. Ƙarfe goma sha biyun dare 'yan sanda suka kashe kiɗa, gari ya yi tsit, da safe aka ga mutane da toka a goshi suna tafiya aiki.

Ga mai shirin zuwa, lissafin ya fara daga baya: masauki tun wata shida kafin biki, biza tun wata huɗu, tikiti sai biza ta fito, kuma a tabbatar da filin da jirgi na biyu zai tashi kafin a biya. A isa aƙalla mako guda kafin Litinin ɗin, a nemi jadawalin da Hukumar Karnibal ta Ƙasa ke fitarwa, don wurare da lokuta sukan canja. Liyafofin dare masu tikitin ɗaruruwan daloli ba dole ba ne. Farfajiyar makaɗa da Kambule da jerin tsofaffin sifofi duk ban biya ko sisi ba. Birnin yana da matsalar tsaro, saboda haka a bar fasfo a masauki a riƙe kwafinsa, kada a shiga unguwar da ba a sani ba sai da ɗan gari. A zo da takalmin da ƙafa ta saba da shi. Jiragen Laraba da Alhamis cike suke kuma da tsada, hanyar Piarco ma takan cushe, don haka ni sai Asabar na taso, kuma ko a ranar sai da na bar masauki awa huɗu kafin lokacin tashi.